Goggo da Mutanen Kwali

Shekarar da na ɗaura niyyar rubuta littafina na farko, ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata a Azare. Labarin ya daɗe yana yi mini yawo a ka. Wasu gidaje biyu ne a Katagum, garin mahaifina, ɗaya na masunta ɗaya na manoma, katanga ce kawai tsakaninsu tun zamanin kakanni. Wata shekara kogi ya sauya hanya ya bar wata 'yar fadama, kowane gida ya ce tasa ce. Gaba ta shiga, har aka daina zuwa sunan juna. Can gaba sai wani saurayi daga gidan masunta da wata budurwa daga gidan manoma, ma'aikaciyar jinya, su so juna, aurensu ya kashe wutar. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma a lokacin gani nake ya isa littafi.

Abin da ban yi zato ba shi ne yawan jama'a. Duk wanda na ƙirƙiro ba ya zuwa shi kaɗai. Saurayin yana da uba, uban yana da ƙane, ƙanen yana da mata, matar kuma ba daga sama ta faɗo ba, 'yar garin Hardawa ce mai nata dangin. Cikin wata uku na cika littafin rubutu biyu da bayanansu, na kuma daina gane kansu. A wani shafi babban masuncin yana da 'ya'ya uku, a wani biyar. Akwai tsohon da na kashe a shafi na goma, na iske shi a shafi na talatin zaune yana rabon goro wurin ɗaurin aure.

Maigidana ma'aikacin ofis ne, a ganinsa babu abin da ya fi ƙarfin jadawali. Ya zana mini ɗaya a kwamfutarsa, kowa da layinsa, da shekarunsa, da sana'arsa. Na cika shi tsaf. Amma jadawalin yana gaya mini ko wane ne mutum, ba ya gaya mini ko mene ne shi a wurin na kusa da shi. Sai na koma yadda nake haɗa wa ɗalibai kayan koyarwa. Na samo kwalayen taliya, na yayyanka su kamar faɗin tafin hannu, na rubuta mutum ɗaya a kan kowane. Suka tashi arba'in da ɗaya. Ban raɗa wa kowa suna ba, don na lura da zarar na ba mutum suna sai in kasa rabuwa da shi. Abin da ke jikin kwalin bai wuce "saurayin", "budurwar", "direba", "bazawara mai ƙosai" ba, sai bayani a bayansa. Na shimfiɗa su a kan tabarma a falo, na haɗa su da zaren saƙa, ja ga waɗanda jini ya haɗa, baƙi ga waɗanda aure ya haɗa.

Ana cikin haka Goggo ta zo daga Katagum. Ƙanwar marigayi mahaifina ce, ita kaɗai ta rage mana a ɗakinsu. Yanar ido ce ta rufe mata idon hagu, aka yi mata aiki a asibiti, likita ya ce sai ta zauna kusa na wasu makonni: ban da sunkuyo, ban da hayaƙi, ban da ƙura, a riƙa ɗiga mata magani sau huɗu a rana. Goggo kuwa mace ce da ba ta san zama ba. A gidanta ita ke kiwon tumakinta, ita ke gyara kifi, ita ke ɗaukar ɗiyan maƙwabta in uwayensu sun tafi unguwa. Kwana uku da zamanta a falona ta fara cewa ƙafafunta sun yi tsami, gara a mayar mata da yanarta a bar ta ta tafi gida.

Wata Asabar da hantsi ina durƙushe a kan kwalayena, ita kuma tana kan kujera da auduga manne a ido. Tun safe babu wuta, ashe an bar fanka a kunne. Aka kawo wuta, fanka ta tashi da ƙarfinta, mutanena arba'in da ɗaya suka watse. Wasu suka shige ƙarƙashin kujera, wasu suka yi hanyar ƙofa suna jan zare. Ɗaya ya sauka a cinyar Goggo. Ta ɗauka ta jujjuya shi. Ba ta yi boko ba, karatunta na allo ne.

"Wannan fa mene ne kike ta yi wa hidima tun da na zo?"

"Mutum ne, Goggo."

"Wane mutum?"

Na duba. "Direba ne."

"Ɗan gidan wa?"

Na yi mata bayani cewa babu shi a duniya, ni na ƙago shi, labari zan rubuta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta sake cewa, "Na ji. Ɗan gidan wa?"

Ban sani ba. Na sa shi ne kawai don in samu mai kai budurwar Azare in ta tashi zuwa aiki.

"To ai shi ya sa iska ta kwashe shi," in ji ta.

Ta sa na miƙo mata jakarta. Ta zazzage abin da ke ciki: goro, dabino, ƙwallon magarya, wani tsohon makulli, maɓallan riga. Na ƙaro da marafen kwalba da tsakuwa daga tsakar gida. Muka danne kowane kwali da abu ɗaya don kada fanka ta sake yi mana ɓarna. Da yake ba ta iya karanta rubutun, sai ta riƙa gane su da abin da ke kansu. Saurayin ya zama Dabino, budurwar ta zama Goro, direban ya zama Makulli. Kafin azahar ta haddace fiye da rabinsu. Ni da na haife su ban kai ta ba.

Daga ranar muka samu aikin yi. In na dawo daga makaranta na ɗiga mata magani, mu yi sallar la'asar, sai ta ce, "Ɗauko mutanenki." Ni a ƙasa, ita a kujera da dogon tsinken tsintsiya tana nuni, tun da an hana ta sunkuyo.

Tambayoyinta ba irin nawa ba ne. Ni nakan tambayi kaina me mutum yake so, me yake tsoro. Ita kuwa sai ta ce: wa ya riƙe ta? A gidan wa aka yaye shi? In an yi rasuwa, wa ake fara aika wa? Da farko na ɗauka tsegumi ne irin na tsofaffi. Daga baya na ga duk tambayar da na kasa amsawa, a nan ne labarin yake da rami.

Tsarina ma ba ta yarda da shi ba. Na jera su ne kakanni a sama, jikoki a ƙasa, kamar yadda ake zana bishiyar dangi a littattafan makaranta. Ta ce ita ba ta taɓa ganin gidan da ake zama haka ba.

"Tara mini masu cin tukunya ɗaya wuri ɗaya."

Na tara su. Sai ga shi gidajen ba biyu ba ne, biyar ne. Ƙanen babban masuncin, wanda na ɗauka yana tare da wansa, ashe tun da ya yi aure ya ware tukunya.

"Yanzu nuna mini masu aika wa juna kwano."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Na samo zare kore, muka bi gida-gida. Ta ce a nan ake gane zumunta ko gaba, ba a baki ba. Ana iya gaisawa da fara'a shekara goma alhali kwanon tuwo ya daina ƙetare katanga. Ta ce in ina so mai karatu ya san ranar da gidajen nan suka ɓata, kada in kai shi gaban alƙali, in nuna masa yammar da aka aika da kwano aka dawo da shi a rufe ba a taɓa ba. Na rubuta wannan a bayan wani kwali nan take.

Ta nuna mini waɗanda ba za su iya kama sunan juna ba saboda kunya, uwa da ɗanta na fari, mace da surukinta. Ta nuna mini waɗanda dole su yi wasa, 'ya'yan mace da na namiji, kaka da jika. Da ta ji matar ƙanen masuncin tana da jinin Barebari, maƙwabcinsu kuma Bafillace ne, ta yi dariya har ta dafe audugar idonta, ta ce waɗannan in ban bar su sun tsokani juna ba na cuce su.

Ta kuma rage mini jama'a. Ina da tsofaffi biyu, ɗaya liman ɗaya mai unguwa, kowanne aikinsa ba da shawara. Ta ce ɗayansu zaman banza yake yi, a sallame shi. 'Yan mata uku ƙawayen budurwar suka koma ɗaya. Direban ya tsira, don Goggo ta samo masa gida: ta mayar da shi ɗan bazawara mai ƙosai, sai ga shi yana da dalilin sanin sirrin kowa. Waɗanda muka cire na tashi zubawa a shara, ta hana.

"Sa su a gwangwani ki rufe. Ba su yi miki laifin komai ba."

A mako na uku muka kai kan saurayin da budurwar. Na bar su ƙarshe ne don ina ganin su ne na fi sani. Goggo ta ɗora tsinkenta a kan dabino ta ce in karanta mata abin da ke bayansa.

Na karanta. An haife shi a shekarar wata babbar ambaliya. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo bayan suna, ba ta kai arba'in ba ta rasu. Wata maƙwabciya daga gidan manoma, mai goyo a lokacin, ta ɗauke shi ta shayar da shi har aka yaye shi. Ina alfahari da wannan wurin, don shi ne zai nuna yadda gidajen suke kafin rigima.

"Wace maƙwabciyar?"

"Matar babban ɗan gidan."

"Ina take?"

Na nuna mata wani kwali da ke ƙarƙashin marfin kwalba. Ta ɗora tsinken a kai, ta bi jan zaren da ya fita daga jikinsa a hankali. Ya wuce wani ɗa namiji, ya wuce wata tsakuwa, ya tsaya a kan goro.

"Wannan 'yarta ce."

"Eh."

"Ita ce kuma kike shirin aura masa."

"Ai shi ne littafin, Goggo."

Ta juyo da lafiyayyen idonta ta dube ni.

"'Yar nan, ke ce ake ba 'ya'yan mutane ki koyar? Ƙanwarsa ce. Nono ɗaya suka sha."

Na ce ai ba tare suka sha ba, da wanta ya sha, ita sai bayan shekara huɗu aka haife ta.

"Ko bayan shekara ashirin ne. Nonon dai na uwarta ne."

Na yi zaune a kan tabarmar. Ba wai ban san hukuncin ba ne, tun muna Islamiyya na san shi. Abin da ya faru shi ne na rubuta haihuwar saurayin a farkon littafin rubutuna na ɗaya, na rubuta budurwar bayan wata biyu a ƙarshen na biyu, ban taɓa ajiye su gefe da gefe ba. A jadawalin maigidana ma layi goma sha ne tsakaninsu, kuma babu gurbin shayarwa.

Kwana biyu ina neman mafita. Na ce to a sauya, matar ƙanen mahaifin budurwar ce ta shayar da shi. Goggo ta ce in duba, tana da goyo a shekarar? Na duba, autanta ya girmi saurayin da shekara tara.

"To da me za ta shayar da shi?"

Na ce madarar gwangwani. Ta ce ni da bakina na ce ambaliya ta yanke hanya, wa zai zo Azare ya sayo? Na ce akuya. Ta ce masunta ne, kuma ko da akuyar, wace mace ce mai nono a ƙirji za ta ji jariri yana tsala kuka a bayan katanga ta ce a nemo akuya? Na ce to mahaifiyarsa ba ta mutu ba. Ta ce in haka ne sai in nemo wani dalilin da ya sa yaron ya tashi yana shiga gidan manoma kamar gidansu, tun da rabin labarin a kan wannan na gina shi. Duk ƙofar da na nufa sai in tarar ta riga ni.

Raina ya ɗan ɓaci, na ce mata ai littafina ne, biro ɗaya zan ja in goge layin, babu wanda zai sani.

"Gaskiya ne," in ji ta. "Sai ni."

Abin da ya tsaya mini a rai ba kuskuren ba ne. Saurin da ta yi wajen gano shi ne. Mace mai ido ɗaya, ba ta karanta ko harafi a jikin kwalayen, amma tun ina tsakiyar karanta maganar shayarwa na ga tsinkenta ya fara neman hanya. Na kuma lura tun ranar ta rage wasa da dabino da goro. Sauran takan tsokane su, ta yi musu faɗa kamar suna ji. Waɗannan biyun sai dai ta dube su.

Ranar Talata na dawo daga makaranta, ta kwanta rigingine a doguwar kujera don in ɗiga mata magani. An cire audugar a lokacin, idon ya fara washewa. Na riƙe fatar idon da yatsa, na ɗiga, na ce ta rufe. Tana kwance ido a rufe ta ce:

"Ni da babanki haka aka yi mana."

Na tsaya da kwalbar a hannu.

"Aka yi muku me?"

"Ba ciki ɗaya muka fito ba. Ba kuma uba ɗaya ba. Ke ba ki taɓa tambayar kanki inda na samo Fillanci ba?"

Na taɓa, amma na ba kaina amsa cewa wurin mijinta ta koya. Shekarata arba'in da 'yan kai a lokacin. Tun da na buɗe ido na san ta a matsayin ƙanwar babana. Ita ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari. Na janyo kujerar tsuguno na zauna kusa da kanta.

Ta ce iyayenta makiyaya ne. Wata shekara suka sauka da shanunsu a gefen gonar kakana, bayan garin Katagum, suka yi rani a nan. A lokacin aka haifi babana, kakata kuma ta kamu da ciwon nono, ba ta iya shayarwa. Mahaifiyar Goggo tana goyon ɗanta namiji, sun saba da kakata wajen musayar hatsi da nono, sai ta karɓi jaririn. Wata biyar tana shayar da su biyu. Da kakata ta warke, damina ta kawo kai, suka kaɗa shanunsu suka yi gaba. Bayan shekara uku aka haifi Goggo a wajen Shira.

"Sai kuma yaushe?"

"Sai da na zama budurwa. Shanun sun ragu, babanmu ya gaji da yawo, muka dawo muka zauna kusa da Katagum muna noma. Babanki a lokacin yana da teburin kayan koli a kasuwa. Na je sayen madubi."

"Ya ce yana sonki?"

"Bai ce ba. Ya dai ƙi karɓar kuɗin madubin. Kasuwa ta gaba ya ce madubin nan yana da aibi, in kawo ya sauya mini. Sau uku yana sauya mini madubi."

Na yi dariya, don babana da na sani mutum ne mai ɗaure fuska, ban taɓa kawo shi a raina yana irin wannan dabara ba.

Ta ce ya yi kusan shekara yana zuwa rugarsu a keke. Kowa ya san da maganar. Ranar da manyansa suka je gaisuwa, ana zaune ana bayanin asali, mahaifiyarta tana jin su daga bayan zana. Da aka ambaci gidan da gonar, sai ta aiko a tambaya wace ce uwar yaron a cikin matan gidan, kuma shekararsa nawa. Aka faɗa. Ta fito da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban baƙi maza, ta ce a mayar da goron, yaron nan ɗanta ne.

"Goggo, ya kika ji?"

Maganin ya gangaro ta gefen idonta, na sa auduga na share.

"Kuka na kwana biyu ne. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi wuya kunya. Mutumin da kika saba yi wa kwalliya, a wayi gari a ce wanki ne. Ban san da wane baki zan gaishe shi ba. Ban san me zan kira shi ba. In na hango shi a kasuwa sai in sauya layi. Shi ma haka. Mun fi shekara a haka."

"Me ya kawo ƙarshensa?"

"Kakarki. Ta zo da kanta ta ce wa innata, kin riƙe mini nawa wata biyar, ki ba ni taki in riƙe. Ta kai ni gidanta. Kin ga gida ɗaya, dole a haɗu. Ran nan ina shara babanki ya shigo, ya tsaya, ya ce, ke, ba ki iya gaida yayanki ba ne? Na durƙusa na ce ina kwana Yaya. Shi ke nan. Daga ranar bakina ya saba."

A gidan kakata aka yi mata aure bayan shekara biyu. Babana ne ya sayar da kekensa ya yi mata gado.

Na yi ta jero mata tambayoyi har aka kira magariba. Wa ya sani? Ta ce duk wanda ya girme ni. Me ya sa ba a gaya mana ba? Ta ce ba ɓoyewa aka yi ba, abin ne ya tsufa har ya daina zama labari. Sai a lokacin na tuna da aka raba gonar kakana ba a ba ta komai ba, ni kuma na ɗauka yafewa ta yi.

Washegari na biya ta gidan yayana, inda mahaifiyata take zaune, na tambaye ta. Tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Sai yau kika sani? Ai ita ta zaɓo ni ma. Ta ce masa ga wata can a unguwarmu, na bincika, ba ta sha nonon kowa ba sai na uwarta."

Na dawo gida na kwance tsarin kwalayen gaba ɗaya. Na samo farin zare na ɗaura daga marfin kwalba zuwa dabino. Aure ya fita daga ƙarshen littafin. Gano gaskiyar ya dawo tsakiya, rabin na biyu kuma ya zama yadda mutum biyu da suka so juna za su koyi zama wa da ƙanwa a gari ɗaya, gidajensu kuma suna gaba. Na tambayi Goggo ko ta yarda in ɗauki wani abu daga nata. Ta ce madubin nata ne, kada in taɓa, in nemo wa mutanena nasu. Sauran kuwa in ɗauka, in ma wata rana zan ba da nata labarin in bayar, amma kada in kama sunan kowa.

Da likita ya sallame ta muka kai ta gida a motar maigidana. Mutanena a lokacin sun koma goma sha tara. Rigimar fadamar ce ban san yadda zan ƙare ta ba, na tambaye ta a hanya, ta ce ita ma ba ta taɓa ganin rigimar gona da ta ƙare ba, sai dai masu yin ta su gaji.

Na yi wata bakwai ina rubutu. A hutun ƙarshen zango na ɗauki babi uku na farko na tafi Katagum don in karanta mata. Na tarar ta gayyato ƙawayenta biyu, tsofaffi kamarta, an shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, an soya kifi. Na ji nauyi, don ban taɓa karanta abin da na rubuta a gaban kowa ba. Na fara murya ƙasa-ƙasa, ɗayarsu ta ce in ɗaga, kunnenta ba ya ji sosai.

Sun saurara fiye da yadda ɗalibaina suke saurare. Da aka zo wurin da aka dawo da kwano a rufe, mai nauyin kunnen ta girgiza kai ta ce wannan ba hali ba ne, ko me aka yi maka ba ka mayar da abinci. Ɗayar ta ce ai da gani matar ƙanen masuncin ce ta zuga. Suka ɗan yi musu a kan haka, ni kuwa ina riƙe da takarda ina jira, ina mamakin yadda suka gano abin da sai a babi na bakwai na yi niyyar faɗa.

Da na gama, mai nauyin kunnen ta matso kusa da ni.

"'Yata, a wace unguwa suke? Ni fa a garin nan aka haife ni, masuntan nan duk na san su, amma na kasa gane gidan."

Na buɗe baki zan yi mata bayani, Goggo ta riga ni. Tana ɓare ƙayar kifi, ta ce:

"Ba za ki san su ba. Sun daɗe da tashi, yanzu a Azare suke, wurinta."

Tsohuwar ta gyaɗa kai ta ce Allah sarki, in na koma in gaishe su, in kuma ce wa matar ƙanen ta ji tsoron Allah. Na ce za su ji.